Ka danna lamba, na'ura ba ta ji ba

Rumfata ta caji da gyaran waya tana Kwanar Gafan, a bakin titin Kano zuwa Zariya, inda tumatirin Garun Mallam da Kura da Bunkure ke haɗuwa kafin a loda shi zuwa kudu. Akwai ƙorafin da nake yawan ji daga manoma. Mutum zai kira layin banki ko na masu ba da shawarar noma, murya ta ce ya danna lamba kaza in yana son bayani da Hausa. Ya danna, muryar ta maimaita tambayar, kuɗinsa na tafiya. Sai ya miƙo mini wayar: "Malam, duba mini, madannin nan ya mutu." Galibi madannin lafiyarsa lau.

Abin yana damuna, domin waɗannan layukan don irin su aka yi: mutumin da bai iya karanta saƙo ba amma yana son sanin lokacin feshi ko abin da ya rage a asusunsa. Shi ne kuma yake komawa gona yana zargin kansa da rashin iya waya.

Ɗan kukan nan da ake ji in an danna lamba, injiniyoyi na kiransa DTMF. Kamfanin Bell na Amurka ne ya fara amfani da shi a 1963. Kowace lamba sauti biyu ce a haɗe, mai kauri da siriri. Lamba 1 haɗin mai kaɗawa sau 697 ne a daƙiƙa da mai kaɗawa sau 1209. Lamba 5 kuwa 770 da 1336. An zaɓe su ne yadda muryar mutum ba za ta riƙa faɗawa kansu bisa kuskure ba. Na'urar da ke can ɗaya ɓangaren sai ta tsinci duka biyun, da ƙarfin da ya dace, sannan ta yarda an danna.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, kukan da ke shiga kunnenka ba shi ne ke isa can ba. Wayar salula tana aika wa na'urar kamfani ɗan saƙo ne cewa an danna 1, ita ce ke ƙirƙirar sautin ta tura gaba. Wanda kake ji, don ka san yatsanka ya taɓa ne kawai. Ka ƙure ƙarar wayarka ko ka kashe ta, duk ɗaya ne. Lambobin nan masu tauraro irin *310# na duba kuɗi kuwa hanyarsu daban ce, babu ruwansu da sauti.

Matsalar tana farawa ne daga inda kiran ya shiga intanet. Layukan "danna kaza" da yawa a yau manhaja ce a kan kwamfuta, irin su Asterisk wadda Mark Spencer ya fara a 1999. Intanet kuwa takan matse murya don rage cin data. Dabarar matsewa irin G.729 don maganar mutum aka tsara ta, tana iya murɗe sautin lamba har na'ura ta kasa gane shi. Shi ya sa a shekarar 2000 aka fitar da ƙa'idar RFC 2833, aka sabunta ta da RFC 4733 a 2006: a aika lambar a rubuce, tare da tsawon dannawar da ƙarfin sautin. Ana rubuta ƙarfin daga 0 zuwa 63, kuma ga inda masu saiti ke ruɗewa: 0 ne mafi ƙara, lamba na hawa sauti na raguwa. Wanda ya ƙara lambar ƙarfin don a ji da kyau, ya shaƙe sautin ke nan.

Mu da muke shan ruwan madatsar Tiga mun san wannan a ƙofar kwata. In an buɗe kaɗan, ruwa ba ya kai wa gonar ƙarshe. In an wangale, ya fasa kunya. Sauti in ya yi rauni na'ura ba ta ji, in ya yi yawa ya dagule ko ya yi amsa-kuwwa, ka danna 2 sau ɗaya a lissafa maka sau biyu. Wasu masu saiti sukan sassauta kunnen manhajar don ta karɓi ko da raunanniyar alama, sai ta koma ɗaukar muryar mai magana a matsayin dannawa.

Abin da nake gaya wa mai kira kaɗan ne. Ya jira muryar ta gama, ya danna sau ɗaya ba tare da gaggawa ba, ya matsa inda sabis ke da ƙarfi. In ta manhajar intanet yake kira, ya duba saitinta ya zaɓi aika lamba ta RFC 2833 maimakon cikin murya, muddin ɗaya ɓangaren na karɓa.

Babban aikin yana kan masu kafa layukan. Gwaji a ofis da babbar waya bai isa ba. Su zo gonakin Kadawa da rani da ƙaramar waya mai madannai, su tsaya kusa da injin ban ruwa, su kira layinsu ta kowane kamfani, su bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Kuma su saita manhajar yadda in ta kasa jin lamba sau biyu, za ta miƙa mai kiran ga ma'aikacin da ke jin Hausa.