Tiyatar Gyaran Fuska Kyauta: Yadda Ake Yin Ta da Masu Ɗaukar Nauyinta

Tiyatar gyaran fuska fanni ne na aikin likita da ke sake gina leɓe, hanci, kunci ko muƙamuƙin da ya samu naƙasu, ko dai tun daga haihuwa ko kuma sakamakon cuta, ƙuna ko haɗari. Manufarta ita ce mutum ya iya cin abinci, ya yi magana a fahimce shi, ya kuma shiga jama'a ba tare da ya rufe fuska da mayafi ba. Aiki ne mai tsada, ƙwararrunsa kuma kaɗan ne. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun ingantacciyar tiyata daidai ƙarfin aljihunsu. Wannan giɓi ne ƙungiyoyin agaji ke ƙoƙarin cikewa a Afirka, Asiya da Kudancin Amurka.

Lalurorin da aka fi kawowa

Ta farko ita ce tsagewar leɓe da ganɗa, wadda ke samun kusan jariri 1 cikin 700. Tana faruwa ne a watannin farko na ciki, idan sassan fuskar ɗan tayi ba su haɗe ba. Jaririn da ganɗarsa ta tsage ba ya iya zuƙar nono sosai, abin da ya sha yana fitowa ta hanci, sai ya rame. Idan ya girma a haka, maganarsa kan fita ta hanci, kuma yakan yi fama da ciwon kunne.

Ta biyu ita ce cutar noma, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin kwanaki kaɗan ta ci kunci, leɓe, hanci, har ƙashi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998, yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su samu magani ba mutuwa suke yi. Wanda ya tsira yakan tashi da rami a fuska, sau da yawa kuma tabon ya ɗaure muƙamuƙi har baki ya ƙi buɗuwa.

Akwai kuma ƙarin muƙamuƙi, wanda ko da ba na daji ba ne yakan yi ta girma shekaru har ya toshe numfashi, sai tabon ƙuna da ke janyo haɓa ya manne ta da ƙirji.

Yadda ake aikin

Ɗinkin leɓe shi ne mafi sauƙi. Ana yin sa jariri yana wata 3 zuwa 6, kuma yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Ganɗa ana rufe ta tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin yaro ya iya magana.

Gyaran ɓarnar noma ya fi haka wuya nesa ba kusa ba. Ba a taɓa fuskar sai ciwon ya mutu, tabo ya zauna, abin da kan ɗauki watanni masu yawa. A wannan tsakani ana ciyar da majiyyaci har jikinsa ya yi ƙarfin jure wuƙa. Ko sa shi barci ma sai gwani, domin idan baki ba ya buɗuwa, ta hanci ake zura bututun numfashi da taimakon siririyar na'urar hange. Likita yakan fara sakin muƙamuƙi, sannan ya rufe ramin da fata da tsokar da aka ɗebo daga goshi, ƙarƙashin haɓa ko ƙirji. Ana barin gefe ɗaya na fatar manne da mazauninta na asali don jini ya ci gaba da zuwa, sai bayan 'yan makonni ta kama a sabon wuri a yanke. Likita Harold Gillies ne ya bunƙasa wannan dabara a Ingila, lokacin da yake gyaran fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Inda akwai kayan aiki, ana ciro fata gaba ɗaya daga hannu a haɗa jijiyoyin jininta da na wuya a ƙarƙashin madubin likita. Mutum ɗaya na iya buƙatar tiyata sau da dama, kuma dole ya riƙa motsa muƙamuƙi kullum, in ba haka ba bakin ya sake ɗaurewa.

Masu ɗaukar nauyi

Salon da aka fara da shi shi ne tawagar likitocin sa-kai ta taso daga ƙasa mai arziki, ta yi mako ɗaya ko biyu tana aiki, ta koma. Ƙungiyar Interplast, wadda Donald Laub ya kafa a Amurka a 1969, tana cikin na farko. Operation Smile ta samo asali ne daga tafiyar da likita William Magee da matarsa Kathleen suka yi zuwa Filifin a 1982. Mercy Ships, da aka kafa a 1978, asibiti take ɗorawa a jirgin ruwa, ya yi watanni a tashar wata ƙasa ta Afirka. Smile Train kuwa, tun kafuwarta a 1999, ta zaɓi horar da likitocin gida da biyan kuɗin aikin da suke yi a asibitocinsu duk shekara.

Ƙasar Hausa na da muhimmin gurbi a wannan fage saboda yawan noma a yankin Sahel. Asibitin Yara Masu Cutar Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana cikin 'yan ƙalilan irinsa a duniya. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a can tare da ma'aikatar lafiya, kuma tiyata, abinci da kwanciya duk kyauta ne. A Nijar, ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan tana da cibiya a Damagaram, ita kuma Hilfsaktion Noma ta Jamus ta daɗe tana aiki a Yamai.

Ƙalubale

Ziyarar gajeren lokaci ta sha suka daga masana. Idan ɗinki ya ɓalle ko rauni ya ruɓe bayan baƙi sun tafi, majiyyaci bai da wanda zai koma wa. Yaron da aka rufe wa ganɗa yana buƙatar mai koyar da furuci da likitan haƙori na tsawon shekaru. Akwai kuma ƙorafin yadda ake yaɗa hotunan majiyyata don neman gudummawa. Ko da aikin kyauta ne, kuɗin mota da barin gona ko sana'a na makonni suna hana iyalai da yawa zuwa, wasu kuma suna ɓoye yaro saboda tsangwama ko zaton sammu ne. Saboda haka ƙungiyoyi da dama suka karkata ga horar da 'yan ƙasa, biyan kuɗin sufuri, da bin majiyyata har ƙauyukansu don duba su.

Rigakafi

Tsagewar leɓe ba ta da tabbataccen rigakafi, ko da yake guje wa taba da giya lokacin goyon ciki yana rage haɗarinta. Noma kuwa ana iya tare ta. Ta ɓace a Turai bayan abinci da tsafta sun inganta, in ban da ɓullar da ta sake yi a sansanonin 'yan Nazi. Idan aka kai yaro asibiti tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi. A Disamban 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Matakin ya buɗe ƙofar shigar da gano cutar da wuri cikin ayyukan ƙananan asibitoci, tare da allurar ƙyanda da shirye-shiryen yaƙi da tamowa.