Dogon Gilashi da Namun Dajin Ghana

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Ya ku jama'ar Nima da Maamobi da Alajo da Sabon Zongo a nan Ankara, da duk inda muryarmu ta kai.  Shirinmu na musamman na yau na masu kyamara ne, musamman matasanmu da ke ɗaukar hoto a wajen biki da suna da filin Idi, waɗanda suka yi tari suka sayi dogon gilashi mai zum, ko suke shirin saya. Gilashin nan da kake jawo fuskar amarya da shi daga bayan taro, da shi ne ake ɗaukar hoton tsuntsu da giwa. Za mu duba inda dabbobin suke, da yadda ake riƙon gilashin, da kuma abin da ke kashe shi a wannan gari namu na bakin teku.

(KIƊA)

Mu fara da na kusa. Idan ka baro Maamobi ka nufi tashar 37, ɗaga kai ka dubi manyan itatuwan da ke bakin titi kusa da asibitin sojoji. Abin da ka ga ya yi baƙi a jikin rassa, jemagu ne masu cin ƴaƴan itace. A lokacin rani yawansu kan kai dubban ɗaruruwa, kuma idan babba ya buɗe fukafukai faɗinsa ya kai kusan santimita 80. Da magariba sukan tashi ayari guda su rufe sama, su tafi kiwo nesa da gari, su baza irin itatuwa a hanya, ciki har da na loko, wanda ake kira odum a nan Ghana. Sai dai a kiyaye, wurin na soja ne, doka kuma ta hana ɗaukar hoton wuraren soja. Ka nemi izini kafin ka fito da kyamara, ka kuma saita ta kan itace da sararin sama kawai.

Idan ka ɗan matsa gabas, tsakanin Ankara da Tema akwai tafkin Sakumo, wanda aka sa cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 1992, tare da bakin kogin Densu da tafkin Keta. Nan tsuntsayen ruwa ke sauka daga Turai idan sanyi ya koro su, su haɗu da zalɓe da balbela na gida. A kan hanyar Akosombo, kimanin kilomita 50 daga Ankara, akwai gandun Shai Hills mai gwaggon biri da mazo. Wanda kuma ya shirya doguwar tafiya, sai ya nufi Mole a arewa, kusa da Damongo da Larabanga. Shi ne gandun dajin da ya fi girma a Ghana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, an kuma mai da shi gandun ƙasa a 1971. Da rani giwaye kan sauko shan ruwa a kududdufin da ke ƙarƙashin tudun masaukin baƙi.

Yawancin waɗannan dabbobi abu ɗaya ya haɗa su: ba sa son a matso su. Amfanin dogon gilashi ke nan. Shi ke kawo maka dabba kusa alhali kana tsaye inda ba ka tsorata ta ba, ita ma ba ta cutar da kai ba.

(KIƊA)

To, yaya ake aiki da shi? Waɗanda aka fi samu su ne mai milimita 70 zuwa 300, da mai 100 zuwa 400, da mai 150 zuwa 600 irin na kamfanonin Sigma da Tamron. A milimita 600, abu kan ninka girmansa sau 12 a kan yadda gilashi mai milimita 50 ke nuna shi. Amma fa yadda ya ninka tsuntsun, haka yake ninka rawar hannunka. Shi ya sa sabon shiga kan dawo gida da hotuna dishi-dishi ya ce gilashin ne ba shi da kyau.

Maganin farko saurin shata ne. Idan ka ja zum zuwa milimita 400, kada saurin ya gaza kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Idan tsuntsu ne a sama yana shawagi, kai shi ɗaya cikin 2,000. Da magariba, lokacin tashin jemagu, haske ya yi ƙasa, kuma irin waɗannan gilasai ba sa shigar da haske sosai idan aka ja su ƙarshe. Sai ka ɗaga ISO, ko ka bar jemagun su fito baƙaƙe a kan jan sararin yamma. Kada ka kunna musu fitilar kyamara, kada kuma ka sa yara su jefe su don su tashi.

Na biyu riƙo ne. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashin, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, kyamara a dafe da goshi. Ka fitar da numfashi a hankali, sannan ka danna. Idan a mota kake, a kashe injin, ka ɗora ƙaramar jaka cike da wake ko shinkafa a kan taga, ka kwantar da gilashin a kai. Saiti kuma a kan idon dabba ake yin sa. Idan ido ya fito tangaran, hoto ya yi.

Na uku lokaci ne. Fita da sassafe bayan sallar asuba, ko bayan la'asar. Da tsakar rana zafin ƙasa kan sa iska ta riƙa rawa, dogon gilashi kuma sai ya kwaso rawar nan duka, hoton ya yi laushi komai tsadar kayan aikinka. Ka samu wuri ka zauna shiru. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, tsuntsun da ya gudu da zuwanka zai dawo idan ka daina motsi. A Mole kuwa, ba a shiga daji sai da ma'aikacin gandu. Inda ya ce tsaya, nan za ka tsaya.

(KIƊA)

Yanzu ga babbar magana. A Ankara, gilashi ya fi mutuwa a cikin jaka fiye da a daji. Iskar garinmu cike take da danshi, sau da yawa takan kai kashi 80 cikin 100, musamman da safe da kuma lokacin damina. Fumfuna kuwa abu uku take so: danshi, da duhu, da wurin da iska ba ta motsi. Jakar kyamara da aka zuge aka tura ƙarƙashin gado ta cika ukun nan. Ɗauko gilashinka yau, cire murafunsa biyu, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. Idan ka ga zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo suna tasowa daga gefe, fumfuna ta shiga. Idan aka yi saurin kai shi wajen mai gyara, ana iya wanke ta. Idan ta daɗe, takan cinye shafen da ke kan gilashin, tabon kuma ba ya fita. Wannan gwaji shi ne abu na farko da za ka yi kafin ka biya kuɗin gilashi na hannu.

Rigakafin ba shi da tsada. Nemi robar ajiye abinci mai murfin da ke kamawa gam, ka zuba ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a ƙunshe cikin kwalin sabon takalmi, ka sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki. Abin da ake so ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50. Idan silikar ta sha ruwa ta ƙoshi, a gasa ta da wuta kaɗan-kaɗan, ta bushe, a mayar. Kada ka sa jakar fata ko ta yadi a cikin robar. Sannan ka riƙa fita da gilashin kana aiki da shi, domin wanda ke ganin haske da iska kowane mako ya fi na ajiya lafiya.

Idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, abokin gaba ya canja, ya koma ƙura. Yawancin gilasai masu zum suna tsawo suna gajarta, kuma duk ja ɗaya iska suke zuƙa har da ƙurarta. Kada ka canja gilashi a fili cikin iska. Shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Wajen sharewa kuma, fara da hura iska da ƴar robar hurawa, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyallen goge tabarau. Wanda ya goge da bakin riga, yashi ya murza a kan gilashi.

Idan ka dawo daga Sakumo ko bakin teku, goge jikin gilashin da ƙyalle mai ɗan laima don cire gishiri, ka bar shi ya sha iska kafin ka rufe. Idan ka fito daga mota ko ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, bar kayan cikin jaka kamar rabin awa, in ba haka ba raɓa za ta kwanta har a ciki. Hular da ke bakin gilashi kada ta rabu da shi, tana tare hasken gefe, tana kuma karɓar bugu. Babban gilashi kan kai kilo biyu, saboda haka a ƙafar da ke maƙale a ƙasansa ake ɗaukarsa, idan ka rataye shi ta jikin kyamara mahaɗar za ta lanƙwashe. A motar haya ta tirotiro, jakar a kan cinyarka take zama. A Shai Hills kuma ka rufe jaka, birai ba sa jin kunyar fizgewa. Kada ka taɓa kallon rana ta cikin gilashin, yana iya ƙona ido da cikin kyamara.

Abu na ƙarshe, ƴan'uwa. Gidajenmu a zango manne suke da juna, wannan gilashi kuwa yana gani har tsakar gidan maƙwabci. Amana ce a hannunka, ka tsare mutuncin mutane.

Muna son mu ga ranar da hotunan giwayen Mole da tsuntsayen Sakumo za su fito da sunan ɗan Nima ko ƴar Alajo a ƙasansu. Dausayin Sakumo gine-gine na cin sa, kuma hoto mai kyau hujja ce a hannun masu kare shi. A duba gilashi yau, a nemi roba da silika, a fita ranar Asabar da sassafe.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)