Addar bos: ƙyalli a ido, dakushi a baki

SAU nawa ka taɓa riƙe numfashi a gaban talabijin saboda bos ya zaro adda, hasken fitila ya bi ta bakinta wal, ga jarumi kuma a durƙushe ba ko tsinke a hannunsa? Yawancin 'yan kallo fuskar bos suke kallo a wannan lokaci, su ce kai, wannan mutum ya iya mugunta. Amma rabin tsoron da ya kama ka ba daga fuskarsa ya fito ba. Daga ƙarfen da ke hannunsa ne. Wannan ƙarfe kuwa akwai masu shi, mutanen da ba ka taɓa ganin sunansu a fosta ko a ƙarshen fim ba: maƙeri da baduku.

A Kaduna, duk furodusan da ke son a yi masa irin wannan aiki ya san inda zai dosa. Tsohuwar Panteka ce, nan Tudun Wada kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda tun daga bakin titi ƙarar guduma za ta tare ka. Masu walda, masu zubin tukwanen alminiyam, kafintoci, masu kwano, maƙera, duk suna nan rumfa na jingine da rumfa. Amfanin wurin ga ɗan fim shi ne ba sai ya yi ta zirga-zirga ba. A wuni ɗaya zai iya sa a yanka masa ƙarfe, a sassaƙa masa katako, a goge, sannan ya ɗauka ya kai wa mai aikin fata.

To amma wace irin adda zai ce a yi masa? Nan ne maganar take.

Adda ɗaya a ido, uku a lokeshan

A manyan masana'antun fim na duniya, makamin da ka gani a hannun jarumi ba guda ɗaya ba ne. Lokacin da aka shirya The Lord of the Rings, wanda kashinsa uku suka fito daga 2001 zuwa 2003, kamfanin Weta Workshop na ƙasar Niyu Zilan ya sa maƙerinsa Peter Lyon ya ƙera takubban manyan jarumai da ƙarfe na gaske, domin fitowar da kyamara ke matsowa kusa. Na faɗa kuma da alminiyam aka yi su. Sojojin da ke can baya, waɗanda ba ka ganin komai sai inuwarsu, na roba aka riƙa musu. Duk da wannan taka-tsantsan, sai da takobi ya ɓantare wa Viggo Mortensen haƙori a wajen ɗaukar wani yaƙi. Ka ji fa, wannan inda aka kashe miliyoyin daloli ke nan.

Wannan tsari ba ya fi ƙarfin Kannywood. Ta farko ita ce addar kwalliya, ta ƙarfe, wadda za a nuna a kusa. Ta biyu ta alminiyam, wadda nauyinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ta ƙarfe, don haka ɗan wasa zai iya tsayar da hannunsa kafin ya kai jikin abokin wasansa. Ta uku ta katako mara nauyi da aka shafa wa fenti ruwan azurfa, ko ta roba, ita ake ba yaran bos idan an zo fitowar turmutsutsu ko guje-guje. Daga nisan taku goma, wallahi kyamara ba ta bambance su.

Abin takaici shi ne har yanzu akwai masu shirya fim da ke ganin wannan ɓata kuɗi ne. Sai ranar shutin a aiki yaro cikin unguwa ya aro adda, ko a tsaya bakin kasuwa a sayi sabuwa fil da kaifinta, a miƙa wa ɗan wasan da ya kwana bai yi barci ba, a ce "akshin!" Furodusan da zai iya biyan kuɗin otal da hayar motar da jaruma za ta fito a ciki, bai da hujjar cewa kuɗin maƙeri ne ya gagare shi.

Yadda ake fito da ƙyallin

Addar da aka fi samu a kasuwanninmu ta kamfani ce, kuma wadda ta yi suna tun zamanin kakanni ita ce mai tambarin kada ta kamfanin Martindale na Ingila. Takan zo da fenti ko wani shafe a jiki don kada ta yi tsatsa a hanya, ga katako biyu da aka matse da ƙusoshi a matsayin ƙota. A gona wannan ya wadatar. A fim kuwa, haka nan za ta fito dishi-dishi kamar guntun langa-langa.

Aikin farko, tun kafin a yi maganar kyau, shi ne kashe kaifin. Maƙeri zai bi bakin da magagari ko injin gurzar ƙarfe har sai ya koma kamar kaurin kwabo, ya zagaye gefen yadda za ka iya goga shi a tafin hannunka ba abin da zai same ka. Tsinin ma a mulmule shi. Wasu suna tsoron kada a gane a fim cewa dakusasshiya ce. Ba a ganewa. Dabarar ita ce a bar gangaren nan da ke sauka zuwa bakin, a goge shi ya fi sauran jikin haske. Ido yana ganin farin layin nan sai ya yanke hukuncin cewa kaifi ne.

Daga nan sai gugar jiki, kuma a nan ake gane mai haƙuri. Ana fara cire fenti da tsatsa da samfefa mai kaushi, lamba 80 ko 120. Sai a koma 220, sai 400, sai 600, mai son abin ya yi kamar madubi ya wuce har 1000 yana yi yana yayyafa ruwa. Ƙa'idar ita ce duk lambar da ka hau, ka juya hannu ka gitta zanen da ta baya ta bari, kuma kada ka wuce gaba sai tsohon zanen ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya yi tsalle daga 120 zuwa 600 don ya gama da wuri, ranar da fitila ta haska addar zai ga kurjin nan ɗaya bayan ɗaya kamar an ja ta a kan kwalta. A ƙarshe sai a shafa man goge ƙarfe irin su Autosol, a murza da tsumma mai laushi. Masu amfani da inji kuma suna lura da zafi. Idan ƙarfen ya fara komawa shuɗi-shuɗi, an ƙona shi ke nan, wurin ya yi laushi, kuma tabon zai fito a hoto. Shi ya sa za ka ga gwani yana gurzawa yana tsomawa a ruwa.

Ga wani abu da ba kowane darakta ya sani ba sai ya faɗa ciki: ƙyalli idan ya yi yawa, matsala ne. Addar da ta zama madubi za ta nuno mai ɗaukar hoto, da mai riƙe fitila, da yaran unguwa da suka taru kallo. Haka kuma idan rana ta doke ta, hasken yakan wanke hoton fari fat. Don haka yawancin fitowa sun fi son guga ta tsakiya, wadda aka tsaya a lamba 400 ko 600 aka ja hannu a tsaye daga gindi zuwa tsini. A ƙasashen waje akwai feshi na musamman na dusashe ƙyalli. A nan gida, ɗan sabulu da aka shafa sama-sama ya bushe yana yin aikin.

Ita kuwa ƙarar nan "shiiing" da kake ji idan an zare makami, a situdiyo ake sa ta. Ƙarfen da ya fito daga kube na fata kusan shiru yake fitowa.

Ƙota, inda labarin yake

Idan maƙeri ya gama, sai baduku ya karɓa. Ni a ganina aikinsa ya fi na maƙerin tasiri a labari, domin ruwan adda duk kusan ɗaya ne, ƙota ce ke gaya maka ko ta wane ce. Addar manomi za ka gan ta da tsohon katako da ya sha gumi, an ɗaure inda ya tsage da robar tayar keke. Ta maharbi tana da baƙar fata, wataƙila da 'yar laya a maƙale. Makamin dogari ko bafade yana son jar fata da tuntu da kube mai ado. Na Buzu kuma daban yake, duk wanda ya san takobin mutanen Agadas ya san yadda suke lulluɓe mariƙinsa da fata, da irin koren da suke so a adon kubensu. Idan ka ba maharbi addar da aka naɗe da sabuwar leda mai sheƙi, ka kashe fitowar tun bai buɗe baki ba.

Fatar da ta dace muna da ita a gida. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka yi ɗaruruwan shekaru ana ketare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baƙi kuma da kuloko, wanda shi ma daga ƙarfe ake haɗa shi. Amfanin fatar da aka jeme da bagaruwa shi ne idan an jiƙa ta tana miƙewa, idan ta bushe ta tsuke ta kama abin da aka naɗa ta a kai kam.

Kafin ya sa fata, baduku na kirki zai fara girgiza ƙotar. Idan ƙusa ɗaya tana motsi, sai a mai da wa maƙeri. Naɗe ƙota mai girgiɗi da fata mai kyau ɓoye ciwo ne, ranar da ɗan wasa ya kai sara da ƙarfi ruwan addar zai iya fita ya bar masa katako a hannu, kuma ba wanda ya san inda zai sauka. Idan komai ya zauna, sai ya kankare katakon ya yi ɗan kaushi don gam ya kama. Wasu sukan fara naɗa siririyar igiya a wurare uku ko huɗu, domin idan fata ta hau kai ta yi tudu-tudu inda yatsu za su zauna.

Naɗin iri biyu ne. Akwai wanda ake yanka fatar doguwa kamar faɗin yatsa, a fefe gefenta ta yi siriri, a jiƙa, a riƙa zagayawa kowane zagaye yana hawa kan rabin na baya, ana ja da ƙarfi har ƙarshe. Akwai kuma wanda ake yanka ƙyalle guda daidai ƙotar, a lulluɓe, a huda da basilla a ɗinke, ɗinkin ya koma ta ciki inda kyamara ba ta gani. Na farkon ya fi riƙo idan hannu ya yi gumi, na biyun ya fi kyau a hoton kusa. Daga ƙarshe a huda gindin a sa 'yar igiyar fata da ɗan wasa zai zura hannunsa ciki. Wannan igiya ba ado ba ce, ita ke hana adda tashi sama idan ta kuɓuce.

Sai kuma a tsofar da ita. Sabuwar fata tana tona asiri, don haka akan murza mata man kaɗanya da ɗan toka ko ƙasa har ta yi kamar ta shekara goma a hannu. Kuma dole ne duka ukun, ta ƙarfe da ta alminiyam da ta katako, a naɗe su da fata ɗaya a rana ɗaya. In ba haka ba mai kula da kwantiniti zai sha kunya, a ga bos ya ɗaga adda mai jar ƙota ya sauke mai baƙa.

Masu fim ɗin tarihi su ne suka fi bukatar wannan kula. Idan labarinka na zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau ne, kamar fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a 2021, ba ka da uzurin nuna makami mai tambarin kamfani ko ƙotar roba. Ɗan fim ɗin Kaduna ma gata gare shi: ga gidan adana kayan tarihi a titin Ali Akilu, ga Gidan Arewa a titin Rabah da tarin tsofaffin hotuna da takardu, ga Zariya nan kusa inda duk hawan sallah ake fito da kayan doki da takubba na gado. Zuwa kallo kawai ake bukata, da wayar ɗaukar hoto.

Maganar da ba a so a yi

Ba za a yi zancen adda a fim ba a tsallake abin da ke faruwa a titi. Kano na da 'yan daba, Katsina ƙauraye, Gombe 'yan kalare, Bauchi sara-suka, nan Kaduna kuma mutanen unguwanni sun san 'yan shara. Iyaye da yawa suna zargin cewa finafinai masu nuna daba suna ƙawata wa yara abin, musamman da masu dogon zango irin su A Duniya suka karɓu a wajen matasa. Masu shirya su kuma suna cewa illar abin suke nunawa. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da hana finafinan da ke nuna daba. Furodusan Kaduna yana iya cewa shi ba a Kano yake ba, amma ya san inda babbar kasuwarsa take.

Wannan ya sa yadda aka haska addar ma abin dubawa ne. Idan aka goge ta tana walƙiya, aka sa mata kiɗa, kyamara ta bi ta a hankali daga gindi zuwa tsini, yaron da ke kallo ya ga abin sha'awa, ko da a ƙarshen fim an kama mai ita. Daraktan da ke son nuna ƙazantar daba zai fi cimma burinsa da tsatsa da ƙota mai tsumma. A bar ƙyalli da jar fata ga fadar sarki da filin daga.

Ga samari masu son yi wa tasu kwalliya don ɗan gajeren bidiyo kuwa, ɗan sandan da ya tsayar da kai a Kawo ko Unguwar Rimi da adda a cikin riga ba zai tsaya duba ko bakinta a dakushe yake ba. Masu shirya fim da suka san aiki sukan sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa kafin su fito da makamai, su ɗauko su a cikin akwati, mutum ɗaya ne ke da mabuɗin. Shi ke miƙa wa ɗan wasa idan an zo ɗauka, shi ke karɓa da an ce "kot". Tsakanin ɗauka da ɗauka yana shafa bakin ta alminiyam da yatsa, domin duk inda ta haɗu da wata takan yi ɗan tsagi mai yanka kamar reza, sai an bi da magagari. Idan an tashi ya ƙirga su, ya goge ta ƙarfen ya shafa mata mai, don a damunar Kaduna kwana biyu ya isa tsatsa ta cinye gugar wuni guda. Fim na gaba idan ya zo, ba sai an koma Panteka ba. Baduku zai warware tsohuwar fatar ya naɗa wata, addar maharbi ta koma ta dogari.