Sarautun Turawan Ingila: Ɗan Fari Ke Kwashe Gida

A watan Agustan 2016 wani saurayi ɗan shekara 25, Hugh Grosvenor, ya wayi gari shi ne Duke na Westminster na bakwai. Mahaifinsa ya rasu, sai sarauta da ragamar dukiyar gidan suka faɗo hannunsa, ciki har da filaye a Mayfair da Belgravia, unguwannin da taku ɗaya na ƙasa yake da tsadar fitar hankali a Landan. Yana da yayye mata biyu, amma ko ambatonsu ba a yi ba.

Filayen nan aure ne ya kawo su. A 1677 kakan kakanninsa, Thomas Grosvenor, ya auri Mary Davies, yarinya 'yar shekara 12 da ta gaji gonaki da fadamu a bayan gari. Landan ta yi ta faɗaɗa har ta haɗiye fadamun, zuriyarsu kuwa suka riƙe ƙasarsu suna karɓar haya. Abin da ya hana dukiyar tarwatsewa shi ne ba a raba ta: babban ɗa namiji ke ɗaukar sarauta da gida da gandu, ƙanne su kama aikin soja, ko coci, ko siyasa.

Matakan sarautar biyar ne. Duke ne a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, Baron a ƙasa. In ban da Duke, duk ana ce musu Lord. Bahaushe zai so ya jera su da Galadima da Madaki da Ciroma, amma kwatancen ba ya nisa. A ƙasar Hausa masu zaɓen sarki kan zauna su duba 'ya'yan sarki, a yi kamun ƙafa, wani ya samu wani ya rasa. A Ingila kuwa babu zaɓe. Ko ɗan farin bai iya komai ba, ranar da uban ya cika, shi ne.

Dubi Winston Churchill. A fadar Blenheim aka haife shi a 1874, jikan Duke na Marlborough na bakwai ne, amma da yake mahaifinsa ba shi ne magaji ba, sai ya tashi a matsayin Mista Churchill kawai. Idan kuma babu magaji, sarautar kan mutu da mai ita. Gwamna Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, an ba shi Baron a 1928. Bai haihu ba, da ya mutu a 1945 sarautar ta bi shi. Shi kuwa laƙabin Sa da aka ba Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa lambar girma ce, ba ya cikin matakan nan, kuma ba a gadonsa.

Akwai gidan da har yau yake da aikin fada na gado. Duke na Norfolk shi ne Earl Marshal, mai shirya manyan bukukuwan masarauta. Na goma sha takwas, Edward Fitzalan-Howard, shi ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da naɗin Sarki Charles a 2023. Abin mamaki, gidan 'yan Katolika ne, alhali dokar ƙasar ta haramta wa ɗan Katolika hawa gadon sarautar da suke yi wa hidima.

Ikon siyasa kuwa a hankali aka zare wa masu sarautun gadon shi. Da can duk mai sarautar gado na Ingila yana da kujera a Majalisar Dattawa, amma ba shi da damar zama a majalisar wakilai, inda ainihin mulki yake. Wannan ya zame wa Tony Benn ƙarfen ƙafa: mahaifinsa ya rasu a 1960, ya gaji Viscount ba da sonsa ba, aka raba shi da kujerar da mutanen Bristol suka zaɓe shi a kai. Shekara uku yana faɗa kafin a yi dokar 1963 da ta ba mutum damar ajiye sarautar gado. A shekarar ce Earl na Home ya ajiye tasa don ya riƙe kujerar firaminista. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami ɗaruruwan 'yan gado daga majalisar, ta bar kujeru 92, a 2024 kuma gwamnatin Keir Starmer ta kawo ƙudurin kawar da su.

Batun mata ne aka ƙi taɓawa. Dokar 2013 ta daidaita mace da namiji a gadon sarautar ƙasar, shi ya sa Gimbiya Charlotte take gaba da ƙanenta Louis a layi. Amma dokar ba ta shafi gidajen su Duke da Earl ba. A mafi yawansu, mai sarautar da ya haifi 'ya'ya mata zalla ya san cewa laƙabinsa zai tafi ga ƙane, ko ga wani ɗan'uwa na nesa da wataƙila bai taɓa kwana a gidan ba.