Hazon Hunturu da Iskar Ozon: Abin da Awon Iska Ya Nuna Mana

A kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan lulluɓe kwarin Rima tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Wani lokaci yakan yi kaurin da zai hana jirage sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Mafi yawan wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe.

A shekarar 2006, a ƙarƙashin shirin binciken yanayi na AMMA, masana sun yi amfani da jiragen sama daga birnin Yamai domin auna iskar Afirka ta Yamma. Haka kuma an girka na'urorin auna ƙura a ƙauyen Banizumbu, kimanin kilomita 60 gabas da Yamai. Awon ya nuna cewa a lokacin hunturu ƙurar hamada ce ke ƙasa-ƙasa, hayaƙin ƙonen daji kuma yana shimfiɗe a samanta. Ke nan wani kaso na hazon aikin hannunmu ne.

A nan ne batun iskar ozon ya shigo. Wadda ke can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, lema ce da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Lokacin da aka gano tana zaizayewa a ƙarshen kudancin duniya a 1985, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, kuma yanzu lemar tana farfaɗowa. Amma akwai wadda ke samuwa kusa da ƙasa, idan hayaƙin ƙonen daji, na injinan ban-ruwa da na ababen hawa ya haɗu da zafin rana. Wannan tana tayar da asma, tana ƙona ganyen shuka, tana kuma rage yabanyar shinkafa da alkama.

Ita ma ƙurar ba abin rainawa ba ce. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, bai kamata ƙananan ƙwayoyin ƙura su wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a yini guda ba, alhali hazo mai kauri kan ninka haka sau da dama.

Ba mu da ikon tsayar da iskar Bodele, amma muna da iko a kan ashana. Saboda haka muna kira ga manomanmu na fadama da su daina cinna wa karan shinkafa wuta bayan girbi. A ba dabbobi, ko a mayar da shi taki. Haka kuma jama'a su riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet, su rufe hanci da baki a ranakun hazo, musamman yara, tsofaffi da masu ciwon ƙirji.