Yadda Takobi Kan Shekara Ɗaruruwa Bai Yi Tsatsa Ba

A gidajen sarauta da na mafarauta a ƙasar Gwarzo da Kabo, akan tarar da takubba da masu waɗanda aka gada tun kaka da kakanni. Wasu suna nan garau, wasu kuwa tsatsa ta cinye su har sun manne da kubensu. Bambancin yana ga ajiya.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da iskar oksijin da ruwa a lokaci guda. Ba lallai ne a tsoma shi a ruwa ba. Laimar da ke cikin iska ta isa. Gishiri kuwa, ko da na gumin hannu ne, yana gaggauta ɓarnar. Saboda haka in aka raba ƙarfe da laima, tsatsa takan kusa tsayawa cak. Wuƙar ƙarfen da aka samu a 1925 jikin gawar Fir'auna Tutankhamun ta yi sama da shekara 3,000 a rufaffen kabari cikin busasshiyar ƙasar Masar, aka kuma fito da ita da ƙyallinta. Sinadarin nikel da ke cikin ƙarfenta ma ya taimaka.

Amma rufewa kaɗai ba ta wadatar. Wanda ya toshe akwati a watan Agusta ya kulle laimar damina tare da takobinsa, kuma da dare ya yi sanyi sai ta zama raɓa a kan kaifin. Lokacin hunturu ne ya dace da rufe ajiya, bayan an goge ƙarfen an shafe shi da mai ko kakin zuma. Gidajen tarihi kan ƙara da silika, wato ƙwayoyin nan masu tsotse laima da akan gani cikin kwalin sabon takalmi.

Kube shi ne babbar matsala. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, ga kuma tsami mai cin ƙarfe, alhali bushewar da ƙarfe ke so ita ce ke tsattsage fata. Gara a ajiye su dabam-dabam.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) ne ya shigo da sulke da kwalkwali da lifidi. Ɗalibin da ya ziyarci Gidan Makama a Kano zai ga irin waɗannan kayan yaƙi. Ya duba mahaɗar zobban sulke da kyau, domin nan ne laima kan maƙale, nan kuma tsatsa kan fara.