A Share Rumbu Kafin A Zuba Sabon Hatsi: Batun Tsofaffin Littattafai A Makarantunmu

Babu manomin da zai zuba sabon gero a rumbu bai fara kwashe wanda ƙwari suka ci ba, ya share ƙura, ya toshe ramin ɓera. Wannan hikima kowane yaro a ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi ya tashi da ita. Abin mamaki, har yau ba ta shiga ɗakunan karatun makarantunmu ba, inda littafi in ya hau kanta ya hau ke nan, sai dai gara ta sauke shi.

A shekarun da na yi ina koyarwa a wannan yanki, idona ya ga abubuwa. Na ga taswirar da ta nuna Katsina a cikin Jihar Kaduna, alhali an ƙirƙiro Jihar Katsina tun ranar 23 ga Satumba, 1987. Na ga littafin lissafi mai fam da sule da sisi, kuɗin da naira ta maye gurbinsu a watan Janairun 1973. Akwai na labarin ƙasa da ke kiran Legas babban birnin tarayya, bayan kuwa an koma Abuja a Disambar 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, ita ma tana nan daram a shafukansa. Akwai na kimiyya da ke lissafa duniyoyi tara masu kewaya rana, ko da yake masana sun cire Fuluto daga sahun a 2006. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na kiwon lafiya da ke cewa kulorakwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, shekaru da dama bayan Najeriya ta sauya wannan tsari.

Ɗalibi bai san duk wannan ba. Ya yarda da littafi kamar yadda ya yarda da malaminsa. Abin da ya haddace shi zai zuba a takardar WAEC ko NECO, kuma shi zai kai gida.

Me ya sa ba a cire su? Dalilin farko tsoro ne. Littattafan kayan gwamnati ne, suna cikin rajista, shugaban makaranta kuwa ba ya son ranar da masu binciken kaya za su tambaye shi inda suke. Na biyu, kanta a cike ta fi burge baƙo da sufeto, ko da abin da ya cika ta ba ya karantuwa. Na uku, mu mutane ne masu girmama rubutu, an tarbiyyantar da mu a kan cewa takarda ba abar wulaƙantawa ba ce. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, amma barin littafi ya ruɓe a ƙarƙashin yoyon damina da ƙurar hunturu ai ba girmamawa ba ce.

Illar kuma ba ta tsaya ga ilimin da ya tsufa ba. Littafin da gara ta shiga yakan kai ta ga maƙwabcinsa, wanda ya yi fumfuna ma haka, kamar dai wake ɗaya mai ɓata gari. Yaron da ya ɗauko littafi uku a jere ya tarar babu bango, ko shafukan ƙarshe sun zube, da wuya ya sake komawa ɗakin.

Sai dai a yi hattara, domin tsufa daban, lalacewa daban. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun samo asali ne daga gasar rubutu ta 1933, ga kuma Magana Jari Ce da ya biyo baya, kuma har gobe ba su daina amfani ba. Haka ƙananan littattafan Hukumar NORLA na shekarun 1950, da littafin da Alhaji Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, ya rubuta a kan zaɓukan 1959 da 1979. Irin waɗannan in sun yage ɗinke su ake yi. Wanda ya yi ƙaranci a kasuwa a keɓe masa akwati mai makulli, ko a miƙa shi ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha ko Gidan Arewa da ke Kaduna.

Shawarata ita ce a yi aikin sau ɗaya a shekara, lokacin dogon hutu. Shugaban makaranta ya kafa kwamiti da ya ƙunshi mai kula da ɗakin karatu da malaman darussa da wakilin iyaye. Kowane littafi a yi masa tambaya huɗu: abin da ke ciki gaskiya ne har yanzu? Jikinsa zai gyaru? Ya dace da manhaja da shekarun yaran? An taɓa aronsa a shekarun nan? Wanda ya faɗi a rubuta sunansa da lambarsa da dalilin cire shi, kwamiti ya sa hannu, a aika kwafi ofishin ilimi na shiyya. Wannan takarda ita ce garkuwar shugaban makaranta ranar bincike. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha su fitar da umarni a rubuce da zai halatta hakan.

Inda za a kai abin da aka cire ma abin dubawa ne. Mun san makomar takardu a kasuwanninmu: naɗe ƙosai da tsire da gyaɗa. Duk littafin da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunayen Allah a ware shi, a ƙona ko a binne a wuri mai tsarki bisa jagorancin malamai. Wanda ilimin cikinsa kuskure ne kada a yi kyautarsa ga makarantar ƙauye, don ɗan ƙauye ma bai cancanci a koya masa kuskure ba.

Na san wani zai ce in aka yi wannan shara kantocin wasu makarantu za su zama wayam. Haka ne, kuma gara kowa ya ga gaskiyar. Kanta a cike da tarkace tana ɓoye talaucin ɗakin, ta sa hukuma da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ɗauka babu buƙata. Jerin abin da aka cire shi ne zai zama jerin abin da za a nema a saya.

Ma'aikata kuwa ba za su yi wuya ba. Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda ke ɗauke da sunan tsohon Ministan Ilimi na Jihar Arewa. Dukkansu suna da ƙwararrun ma'aikatan ɗakin karatu, kuma ɗalibansu na fita koyon aikin koyarwa a makarantun yankin kowace shekara. In kowane rukuni ya tantance ɗakin karatun makarantar da aka tura shi kafin ya dawo, cikin 'yan shekaru za a gama da Dutsin-Ma da Kurfi, wasu ƙananan hukumomin su yi koyi.

Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.